Jan Ɗigo a Gonar Alhaji Isiya

Ni matsoraci ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. A gidanmu na Kurfi ni ne wanda ake aika ya kamo zakara ya dawo yana cewa zakaran ya harare shi. Shi ya sa da labari ya bazu cewa Lawal ɗan Malam Haruna ya samu aiki a ƙasar Holan, abokaina dariya suka fara yi kafin su yi mini murna. Suka ce mutumin da ba ya iya tsallake kwata shi ne zai zauna a ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.

Ba su yi ƙarya ba, ruwa ne ya tarbe ni. Kafin in taso na samu wani ɗan ƙasarmu ta waya, mai daɗin baki, wanda ba ya gama magana sai ya ce mini ɗan'uwa, ya kuma rantse ya kama mini ɗaki. Da na isa gidan da ya kwatanta, wata mata ce ta buɗe ƙofa da kare a hannunta. Ba ta taɓa jin sunansa ba, kuma ba ta da ɗakin haya. Na kira lambarsa, a kashe. Na tsaya a bakin titi da akwatina, ruwa na sauka a kaina, masu kekuna na buga mini ƙararrawa don na tsaya a hanyarsu ban sani ba. Ban ɓoye muku ba, na yi kuka, na kuma gode wa Allah da ruwan ya rufa mini asiri.

Wani dattijo ne ya yi mini sallama daga ƙofar shagonsa. Ɗan Somaliya ne mai sayar da naman halal da kayan miya, sunansa Abdullahi, ni kuwa Baba nake ce masa tun daga ranar. Turancinsa gurgu ne, nawa kuma sanyi ya daskarar da shi, amma shayin da ya ba ni mai madara da citta bai buƙaci tafinta ba. Ya nuna mini wani ɗan ɗaki a saman shagon inda yake ajiye buhunan shinkafa, ya ce in zauna kafin in samu wuri. Ban taɓa neman wani wurin ba.

Aikin da ya kai ni rubuta manhajar kwamfuta ne, a wata cibiya da ke yi wa gwamnatoci bincike kafin su tsara manufa. Ba da tsalle ɗaya na kai nan ba. A Dutsin-Ma na karanta ilimin kwamfuta. Bayan bautar ƙasa na samu ɗan aikin shigar da amsoshin manoma cikin kwamfuta, aikin da ke sa mutum gyangyaɗi da rana tsaka. Lalaci ne ya sa na rubuta 'yar manhaja ta riƙa yi mini aikin, daga nan aka ce na iya. Na koyi haɗa taswira, na koyi karanta hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama, har Dakta Marta, shugabar sashenmu, ta ga wani aikina ta neme ni.

Abin da ta ce in yi ya kwanta mini a rai. In koya wa kwamfuta ta gane rugar Fulani daga sama, don hukumomi su san inda za su haƙa wa dabbobi mashaya, da inda za a tura masu allurar shanu, da inda gonaki suka cinye burtali. Daga sama ruga ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya san ta: baƙin da'ira inda shanu suka kwana suka yi kashi, da 'yan bukkoki a gefe kamar an kife ƙoruka. Ni kuwa na san ta, don mahaifiyata Bafulatana ce.

Yayanta, Kawu Sambo, shi ne ya rage da shanun gidansu. Kowace shekara in an gama girbi yakan sauka a gonar Alhaji Isiya, wani manomi a wani ƙauye tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Shanu su ci kara da harawa, su bar wa gona taki, Alhaji ya ba Kawu damman gero. Ba a barin shanu su kwana wuri guda, in sun yi 'yan kwanaki a nan sai a matsa da makwancinsu gaba, bukkoki ma a ɗaga a bi su, har takin ya game gonar duka. Ba a tashi kuma sai ruwan shuka ya sauka. Haka iyayensu suka yi, haka suka gada. Nakan je can hutu ina yaro, ina shan nono ina gudun maruƙa.

Hunturun farko ya kusa haukata ni. In fita da duhu, in dawo da duhu, ba mai ce maka ina kwana a hanya. Na yi kewar ƙosan tashar Kurfi, na yi kewar har masu baburan da nake zagi. Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne aikin da kansa. In ofis ya yi shiru nakan matso da hoton garinmu a fuskar kwamfuta, in bi titi da ido har ƙofar gidanmu, in dubi rufin ɗakin mahaifiyata. Wani lokaci in wuce gonar Alhaji Isiya. Akwai wata tsamiya a inda ƙorama ta yi kwana, da ita nake gane wurin, ga baƙin da'irar shanun Kawu tana zagaya gonar a hankali.

Shekara ta zagayo, muka gama taswirar, aka yaba. Ana cikin bazara a gida, lokacin da zafi ke hana mutane barci, Dakta Marta ta ce in zo taro, akwai baƙi. Mutum biyu ne cikin kwat, masu fara'a, daga wani kamfani da ke ba jami'an tsaro shawara a ƙasashenmu. Ashe masu ɗaukar nauyin aikinmu sun daɗe da miƙa musu taswirar. Ban san da haka ba. An ɗauko ni daga Kurfi da maganar mashaya da allurar shanu.

Babbansu ya haska taswirar a bango. Tawa ce, na gane ta kamar yadda uwa ke gane ɗanta, amma sun yi mata ƙari. Ya ce sun tace rugagen sun ware waɗanda ake zargin sansanin 'yan bindiga ne. Alamomin uku ne: ba rufin kwano, nesa da kwalta, kuma wurin yana yawan matsawa. Ya ce mai gaskiya yakan zauna wuri ɗaya, mai ɓuya ne ba ya kwana inda ya kwana jiya. Duk inda alamomin suka haɗu sun ɗiga masa ja. Don ya burge ni, da ya ji daga Katsina nake, sai ya matso da yankinmu. Na ga titin Dutsin-Ma, na ga kwanar ƙorama, na ga tsamiya. Jan ɗigo na zaune a tsakiyar gonar Alhaji Isiya.

Na san abin da ake yi da irin wannan taswira, duk ɗan yankinmu ya sani. Ba wanda zai taka ƙafa ya je ya yi sallama ya tambayi mai gida. Na so in ɗaga hannu, hannun ya ƙi. Abin da ke kaina shi ne, in na ce kawuna ne a wurin nan, me mutanen nan za su ɗauke ni? Ɗan Bafulatana, daga Katsina, mai dangi a cikin jan ɗigo. Takardar zamana a ƙasar kuma a jikin aikin nan take rataye. Aka tashi taro, aka sha kofi, har na yi musu murmushi.

Sai da suka tafi na bi Dakta Marta ofishinta, na kwashe komai na faɗa mata. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ta san al'adar, ta taɓa ganinta a wata ƙasa, kuma tun farko ta gaya musu matsawa ba shaida ba ce. A gabana ta zauna ta rubuta musu da kakkausar murya, ta nemi su janye taswirar. Ta sa ni na tattaro duk jajayen da suka faɗo a kan gonaki, muka aika. Amsar da ta zo mai ladabi ce ƙwarai. Sun gode, za su duba a fitowa ta gaba. Wadda ta fita kuwa ta riga ta shiga hannaye da yawa, su kansu ba su san iyakarsu ba.

Na ce mata, "To in kira gida in gaya musu?"

Ta cire gilashinta ta murza ido. Ta ce, "Lawal, ka sa hannu cewa ba za ka fitar da abin da ka gani a nan ba. A matsayina na shugabarka ba zan iya ce maka ka kira ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Ban kuma ji ka yi mini wannan tambayar ba."

Na yi kwanaki ina juya waya a hannu. Na sa wa raina cewa duk wanda ya kira lambar da ke cikin jan ɗigo ana jinsa, kuma za a ce ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne. Ko gaskiya ne ko tsorona ne, ban sani ba har yau. Abinci ya daina shiga. Baba Abdullahi ya lura, ya zaunar da ni a bayan kanta ya tambaye ni wa ya mutu. Na ba shi labari duka. Ya ce shi ma da raƙuma ya tashi, kuma ya san ƙarar abin da ke zuwa daga sama. Ya zaro wayarsa ya ajiye a gabana, ya fita ya tsaya a ƙofar shago yana kallon ruwa, ya bar masu sayen nama suna jira.

Na ɗauki wayar na kira. Ranar kasuwar Kurfi ce, ranar da Kawu ke shigowa gari ya yi cajin 'yar wayarsa. Na ji hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Lawal? Kai ne da wata lamba? Ina wuni, ya sanyi? An ce can ko rana sai an roƙa."

Na ce, "Kawu, don Allah ku tashi daga gonar Alhaji. Yau in da hali."

"Mu tashi? Ruwa ya sauka can wurinku ne kake tsammani ya sauka nan?"

Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Na ce akwai hoto daga sama, an sa wa wurinsu alama, ana zaton ɓarayin daji ne saboda suna matsawa da shanu. Ya yi dariya, dariyar da ta tsaya a rabi.

Ya ce, "To taki hwa? Shi zai taka da ƙahwa ya zagaye gonar?" Sannan ya sassauta murya, na ji ya matsa daga cikin mutane. "Lawal, kana can ka manta gida. In Bahillace ya kwashe shanunshi ya tashi ba ruwa ba dalili, mi mutanen gari za su ce? Cewa za su yi ya ji wani abu, ya san za a shigo. Kahin mu kai Dabawa 'yan sa-kai sun cim mana. In mun tsira, ina za mu tahi? Daji? Ka san su wa ke dajin. Waɗanda ake nema ɗin, su ne sunka kwashe mani wasu shanu bara."

Ni a tunanina kira ne mai wuya, in na daure na kira shi ke nan na fita. Ashe zama haɗari ne, tashi ma haɗari ne.

Ya ce, "Bari in gaya ma Alhaji. Gonarshi ce, maganar tashi ce."

Na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, don in magana ta fita sunana zai fita. Ya ce shi bai taɓa ɓoye wa Alhaji Isiya abin da ya shafi gonarsa ba, ba kuma zai fara yanzu da furfura ba.

Washegari da hantsi Baba Abdullahi ya hau sama ya miƙo mini waya. Alhaji Isiya ne. Na durƙusa ina gaishe shi kamar yana ganina.

Ya ce, "Lawal, na ji saƙo. Ba wanda zai ji daga bakina, ka kwantar da hankalinka, na san halinka tun kana gudun ɗan maraƙi. Mata da yara za su dawo cikin gida wurin Hajiya. In an tambaya, zahi ne ya yi yawa, kuma matar Sambo ba ta jin daɗi. Shi na ce ya taho, ya ce ba ya barin shanu. To gaya mani, abin nan na sama, mi yake so ya gani ya ƙyale mutum?"

Na gaya masa alamomin uku. Ya ce kwalta dai ba shi da ikon jawo ta. Matsawa kuma ya ce a daina, gona ta yi haƙuri bana, amma Kawu ya ƙi, wai ba zai karɓi geron mutum ya bar masa rabin gona da yunwa ba. Saura kwano. Bayan kwana kaɗan ɗan Alhaji ya turo wa Baba Abdullahi hoto. Alhaji ya sa an ɓalle kwanon rumfar ƙofar gidansa, inda yake shan iska da baƙinsa, an kai gona an kafa a kan itace huɗu kusa da bukkar Kawu. Taswirar ta riga ta fita, kwanon ba zai goge ɗigon da ke hannun mutane ba. Na sani, amma ban iya faɗa masa ba. Na ce Allah ya saka da alheri.

Daga nan sai jiran ruwa. Ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani ruwan Holan a makonnin nan ba. Kullum yana zuba a kan mutanen da ba su roƙe shi ba, suna ta ƙorafi, ni kuwa ina zaune gaban kwamfuta ina bin gajimare a kan Katsina. Ya taso daga kudu, ya zo kusa, ya watse. Abokan aikina sun ɗauka wani sabon bincike nake yi. In wayar Baba Abdullahi ta yi ƙara a ƙasa ina jinta ta cikin katakon ɗakina, sai in kasa kunne har in ji ya amsa da yarensu. Na daina buɗe labaran gida, sai kuma in buɗe. Duk inda na ga an ambaci Katsina sai na karanta sunan ƙauyen sau biyu.

Wata ranar kasuwa Kawu ya ce mini, kamar yana ba da labarin farashin gishiri, "Shekaranjiya wani abu ya wuto ta sama shina ƙugi. Ya zagaya, ya koma, ya sake zagayowa. Shanu sunka miƙe tsaye duka."

Na ce, "Kai kuma fa, Kawu?"

"Na shiga ƙarƙashin kwanon Alhaji na zauna. Ba kai ka ce shi yake so ba?"

Na ajiye wayar na shiga banɗaki na yi amai. Wataƙila jirgin ba ruwansa da su, wataƙila wucewa kawai yake yi. Amma ni ne na koya wa kwamfuta yadda ake gane bukkar Kawu daga sama, kuma ni ne na sa shi zama ƙarƙashin kwanon da na san ba ya tare komai. Mahaifiyata ba ta san komai ba. Takan kira ta ce muryata ta canza, in ce mura ce.

Ruwan ya makara a shekarar. Ranar da ya sauka ina ofis da rana, Baba Abdullahi ya rufe shagonsa ya hau bas ya zo har ƙofar cibiyarmu, abin da bai taɓa yi ba. Da na hango shi ta taga da waya a hannu sai na sauka matakala na same shi. Ya miƙo mini yana murmushi. Alhaji Isiya ne, yana ɗaga murya don ruwan ya hana shi jin kansa. Ya ce an yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙa har ƙasa, gobe Sambo zai ɗaure kaya a idon kowa, kamar kowace shekara, ba mai cewa komai. Na zauna a kan dakalin ƙofar ofis ina ta cewa alhamdu lillahi, Turawa na ratsa ni suna wucewa.

Alhaji ya ce, "Ga Sambon nan, ya shigo ya ɗauki iyali."

Kawu ya karɓa. Ya yi mini godiya irin wadda ban saba ji daga bakinsa ba, ya sa mini albarka, ya sa wa mai shagon da bai taɓa gani ba. Na ɗauka zai yi sallama. Sai ya ce, "Lawal, in tambaye ka. Alamar nan da ka ce an sa mana, mu kaɗai ne?"

Na ce, "A'a, Kawu."

"Da yawa?"

"Da yawa."

Na ji ruwa na zuba a bayansa. Sannan ya ce, "Duk wanda ya sauka gonar mutum da rani haka yake matsawa. Daga nan har Makera, har gaba. Kuma kaka na tahe, duk za mu sake sauka. To mu kai ka san tsamiyarmu. Su sauran, wa ya kira su?"

Bai jira amsa ba, ya ce a gaida mutanen wurin. Na mayar wa Baba Abdullahi wayarsa, na hau sama na zauna a kujerata. Na buɗe taswirar a kan gonar Alhaji Isiya, na ja da baya har Kurfi ta shigo, na ƙara ja har Dutsin-Ma ta shigo, har iyakar jihar. Jajayen sun bazu kamar ƙyanda a jikin yaro. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har aka tashi daga aiki, ban gane ko mutum guda ba.